Batir Ya Mutu, Ina Maƙeran Daura?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, talaka ya fara sha'awar babur mai aiki da lantarki, musamman mai sauƙin kuɗi. To, araha ba ta ado. Dillali zai yaba maka gudunsa, amma ba zai faɗa maka batirin lithiyam ne mafi tsada a jikinsa ba, kuma zafin bazarar Daura yana rage masa kwana.

Ran da batir ya mutu, a ce maka sai dai sabo. Ni ban yarda ba! Batirin nan ƙananan batura ne aka jera, tare da ɗan allo mai kula da cajinsu. Sau da yawa kaɗan ne suka lalace, ko allon. Gwani zai auna, ya sauya su. Ɗan koyo kuwa zai sa mai bolt 60 a gurbin mai 48, ko ya jona cajar da ba tasa ba, ya jawo gobara.

Labarin Bayajida ya ce maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijin Kusugu. Yau Daura tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Wa ya fi su cancantar horar da maƙeran zamani? Ku buɗe ajin gyaran batir, kafin baburan talakawa su ƙare hannun 'yan gwangwan.

Allah ya sa a ji.