Lasifika Baranyar Garaya Ce, Ba Uwargijiyarta Ba

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da ya kamata mu tattauna tun kafin hutu ya zo, watau maganar kayan sauti da ƙungiyoyinmu na 'yan asalin Sheme da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suke saye ko haya duk sa'ad da za a yi taron shekara, ko bikin ɗaya daga cikinmu. Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce. To, ba ƙarama ba ce. Da kuɗin da muka tara da guminmu ake sayen kayan nan, kuma irin kayan da muka saya su ne za su nuna ko mai garaya da mai gurmi da mai jita za su sami mazauni a taronmu, ko kuwa za a sallame su a kira mai fiyano. Ra'ayinmu shi ne a daina sayen lasifika don ƙararta, a saye ta don tsabtar muryarta da ƙarfin batirinta.

Mu fara da kayan kiɗan kansu. Kalangu da ganga ba su da matsala, don an yi su ne domin fili. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna nan kusa da mu a Funtuwa, ya kuma rasu a 1999, da kalangu ya ci duniya, kalangu kuwa ko daga bayan gari ana jinsa. Amma kayan tsirkiya ba haka suke ba. Garaya tsirkiya biyu gare ta, kukuma ɗaya, jita shida, dukansu kuma muryarsu ta hira ce, ba ta shela ba. Kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak. Abin da ya kai wannan ɗan amo kunnen duk ƙasar Hausa shi ne makirufo da aka kanga masa da hankali a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar faifai. Ashe ke nan na'ura ba abokiyar gābar kiɗan gargajiya ba ce. Ita ta ɗaga shi jiya, ita ce kuma take danne shi yau, saboda rashin sanin masu saye.

Kuskure na farko shi ne ruɗuwa da lambar da aka rubuta jikin kwali. Za ka ga akwati wanda yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya an rubuta masa wat dubu biyar. Wannan lamba, wadda sau da yawa akan rubuta haruffan PMPO kusa da ita, ta talla ce kawai. Lambar da ake dogara da ita ita ce mai haruffan RMS, watau ƙarfin da na'urar za ta iya riƙewa ba tare da ta gaji ba. Ko ita ɗin ma ba ta ba da abin da ake zato. Masana sauti sun tabbatar cewa in aka ninka ƙarfin na'ura sau biyu, desibel 3 kacal ake ƙarawa, desibel kuwa shi ne mudun awon ƙara. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka biyu, sai an ninka ƙarfin kamar sau goma. Saboda haka wanda ya bar mai wat 50 ya sayi mai wat 100 ya ƙara kuɗi da nauyi da cin batir, abin da kunnensa ya samu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗauko lasifika mai bakin mazurari, irin wadda masu tallan magani ke ɗaurawa kan mota ranar kasuwa. An yi ta ne don magana ta kai nesa, kuma a nan ba ta da na biyu. Amma ba ta iya fitar da amo mai kauri. Babbar tsirkiyar jita tana kaɗawa kamar sau 82 a daƙiƙa, alhali irin wannan lasifika takan fara aiki sosai ne daga kaɗawa 200 ko 300. Sai ka ji an zare wa kiɗa ciki an bar ƙashi, garaya ta koma kamar ana kaɗa langa.

To, me za a nema? Na ɗaya, a nemi akwati mai mashiga uku ko fiye, kowace da maɓallinta na ƙarawa da ragewa: ɗaya don bakin mawaƙi, ɗaya don abin kiɗa, ɗaya don 'yan amshi. Wasu jitoci suna zuwa da ramin da ake soka waya, amma garaya da gurmi da kukuma ba su da shi, dole sai an kanga musu makirufo nasu na kansu. In aka haɗa mawaƙi da garayarsa a makirufo ɗaya, lalle ɗaya zai cinye ɗaya. Na biyu, a sayi sandar ɗora lasifika. A fili, duk sa'ad da nisa ya ninka biyu, ƙara takan ragu da desibel 6, jikin mutane kuma yana shanye amo. Akwatin da aka ajiye a ƙasa na gaba yake kurmantarwa, na baya kuwa ba su ji ba. In aka ɗaga shi sama da kan mutane, ƙarami ma ya wadatar. Na uku, a ajiye lasifika gaban mawaƙi tana fuskantar jama'a, kada ta kasance bayansa. Wannan kukan mai tsaga kunne da kan tashi tsakiyar waƙa ba aikin maƙiya ba ne, makirufo ne yake jin abin da lasifika ta faɗa, ya sake mayar mata.

Sai maganar wuta, wadda a wajenmu ita ce uwa uba. Ba wanda zai shirya taro a ƙauyukanmu ya dogara ga wutar lantarki. Janareta kuwa aibinsa biyu: rurinsa ya fi na garaya ƙarfi, kuma yana shan mai. Ba mu manta ba a 2021 gwamnatin Jihar Katsina, saboda matsalar 'yan bindiga, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. A lokacin duk mai janareta ya zama mai kayan ado. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin fetur ya zama wani nauyi na daban. Don haka a sayi mai batir, amma a yi lissafi. Batir mai bolt 12 wanda aka rubuta masa 7Ah yana riƙe da abin da zai ba da wat 84 na awa ɗaya. Na'urar da ke cin wat 20 za ta yi awa huɗu a takarda, amma batir na dalma ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, sai a ƙirga awa biyu. Na litiyum ya fi tsada, amma ya fi sauƙin ɗauka da daɗewa. A haɗa da farantin sola, a kuma tambaya ko akwai mai gyara da kayan gyara a Funtuwa, don kada ƙaramar lalacewa ta sa a yi tafiya har Kano. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Mun san za a ce mana jama'a ƙara suke so, taron da bai girgiza unguwa ba bai yi armashi ba. Amsarmu ita ce kunne ba shi da kayan gyara. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa kada matsakaiciyar ƙara a wuraren kiɗa ta wuce desibel 100, bayan ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji. Za a kuma ce, yankin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ina shi ina zancen kiɗa? Mu kuwa muna ganin wannan hali shi ne ma babbar hujjarmu. Inda hankali bai kwanta ba, taron da ya dace shi ne na rana, cikin gida ko harabar makaranta, a tashi kafin magariba. Irin wannan taro ba ya bukatar na'urar da za ta sanar da daji cewa mutane sun taru. Yana bukatar wadda za a ɗaure bayan babur a zo da ita, a kuma koma da ita cikin sauƙi. Mutanen da aka hana su noma cikin natsuwa, bai kamata a hana su jin waƙar noma ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu da ma'ajinsu, kada a yi cinikin biri a sama. Ranar da za a je saye, a tafi da makaɗin da abin kiɗansa. A ce wa mai kanti ya kashe faifan da yake gwaji da shi, don faifai yana rufa wa na'ura asiri. A bar makaɗi ya kaɗa, ya yi waƙa, mutum ɗaya ya ja da baya taku ashirin ya saurara. In ya ji kowace kalma, ya kuma ji yatsa na taɓa tsirkiya, to, a biya. In kuwa ƙara kawai ya ji, a bar wa mai kanti kayansa, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Allah ya ba yankinmu zaman lafiya, ya sa mu dace.