Ƙaramar Ƙofa, Babban Bashi

A shekarar 2022 matasa sama da 61,000 suka nemi gurbin karatun digirin farko a Jami'ar Harvard da ke Amurka. Waɗanda aka ɗauka ba su cika 2,000 ba, wato kimanin kashi 3 cikin 100. Jaridu sun buga wannan adadi kamar wata lambar yabo, iyaye kuma suka karanta shi da girmamawa. Sai dai adadin bai faɗi ko kalma ɗaya ba game da abin da ake koyarwa a cikin aji, ko abin da ɗalibi zai fita da shi. Abin da ya ƙirga shi ne yawan waɗanda aka mayar gida. Hujjata a wannan rubutu ita ce, auna darajar makaranta da yawan mutanen da take kora ruɗi ne mai tsada, kuma waɗanda suke biyan kuɗin ruɗin su ne iyalan da ba su da rarar da za su yi asara.

Na ɗauki Amurka misali domin a can ne wannan ciniki ya fi fitowa fili, a can ne kuma aka fi bin diddiginsa da alƙaluma. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin karatu a kwalejin al'umma mai shekara biyu kimanin dala 4,000 ne. A jami'ar gwamnatin jiha, ɗan jihar yana biyan kimanin dala 11,600. A jami'o'i masu zaman kansu kuwa, kuɗin ya haura dala 43,000, kuma idan aka haɗa da ɗaki da abinci da littattafai, wasu sun zarce dala 90,000 a shekara guda. Tazarar nan ita ce ke sa uba ya zauna da takarda da alƙalami yana tambayar kansa: shin sunan ya cancanci wannan kuɗi?

Mu fara da ma'aunin kansa. Adadin waɗanda ake ɗauka lissafi ne na raba kujeru da yawan masu nema. Kujerun ba su cika ƙaruwa ba, don haka hanya mafi sauƙi ta ƙanƙantar da adadin ita ce tara masu nema. Makaranta na iya aika wasiƙun gayyata ga dubban yaran da ta san ba za ta ɗauka ba, ta sauƙaƙa cike takarda ta intanet, sannan ta kore su, washegari ta wayi gari ta zama "mai wuyar shiga", alhali ba ta ƙara malami ko ɗaya ba, ba ta sayi littafi ko ɗaya ba. Ma'aunin da ke hawa sama duk lokacin da aka karya zuciyar ƙarin yaro, shahara yake aunawa. Ita kanta mujallar U.S. News & World Report, wadda jerin jami'o'inta ya zama alƙiblar iyaye tun 1983, ta cire wannan adadi daga lissafinta a 2018. Mai sayar da mudun ya ajiye shi, masu saye kuwa har yanzu da shi suke awo.

Jerin gwanayen ma ba abin rantsuwa ba ne. A farkon 2022, Michael Thaddeus, farfesan lissafi a Jami'ar Columbia, ya bi alƙaluman da jami'arsa ta miƙa wa waccan mujalla, ya nuna cewa wasunsu ba su dace da gaskiya ba. Jami'ar ta amsa cewa ta ba da wasu bayanai da ba daidai ba, kuma a jerin da ya biyo baya ta faɗo daga matsayi na 2 zuwa na 18. Azuzuwan su ne dai na jiya, malaman su ne na jiya. Wanda ya ci bashi domin ɗansa ya shiga "ta biyu a ƙasa" sai ya tambayi kansa abin da ya saya.

Sai tambayar da ta fi kowacce nauyi: idan ɗaliban manyan jami'o'i sun fi samun kuɗi bayan karatu, makarantar ce ta mayar da su haka, ko kuwa da ma haziƙai ta zaɓa? Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun bi wata dabara mai kyau domin warware wannan. Sun kwatanta ɗaliban da makarantu iri ɗaya suka karɓa, amma wasu suka tafi mai wuyar shiga, wasu suka zaɓi mai sauƙi. Sakamakon da suka buga a 2002, suka kuma sake tabbatarwa a 2011, ya nuna cewa ga yawancin ɗalibai, bayan shekaru, abin da ɓangarorin biyu ke samu kusan ɗaya ne. Hazaƙa da himmar da suka sa aka karɓi yaron su ne ke bin sa duk inda ya je. Bahaushe ya riga su faɗa: zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Babbar jami'a takan tara zakaru ne, sannan ta karɓi yabon carar.

Ƙofar da ake girmamawa kuma ba daidai take buɗe wa kowa ba. Binciken da Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya gano kwalejoji 38, ciki har da biyar daga cikin takwas ɗin da ake kira Ivy League, waɗanda 'ya'yan kashi 1 cikin 100 mafiya arziki suka fi yawa a cikinsu a kan 'ya'yan kashi 60 na ƙasa baki ɗaya. Wani bincikensu na 2023 ya nuna cewa ɗan waɗancan attajirai ya ninka ɗan matsakaicin gida damar zama a irin waɗannan makarantu, ko da makinsu na jarrabawa ɗaya ne, saboda fifikon da ake bai wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da 'yan wasanni da makamantansu. A watan Maris na 2019 kuma asirin wani dillali mai suna Rick Singer ya tonu. Iyaye masu hannu da shuni sun biya shi kimanin dala miliyan 25 domin a yi wa 'ya'yansu maguɗin jarrabawa ko a ƙaga musu tarihin wasanni, su shiga irin su Yale da Stanford da Georgetown. An gurfanar da mutane sama da 50. Abin lura shi ne, waɗannan iyaye ba su ji tsoron 'ya'yansu za su kasa karatun ba idan sun shiga. Sun san cewa wuyar tana bakin ƙofa.

Masu kare tsananin zaɓe suna da hujjoji biyu masu ƙarfi, kuma adalci ne a saurare su. Ta farko, shi wannan bincike na 2023 ya nuna cewa shiga waɗannan jami'o'i ƙalilan yana ƙara wa ɗalibi damar kaiwa ƙololuwa: shiga sahun mafiya samu, da manyan kamfanoni, da fitattun makarantun gaba da digiri. Gaskiya ne. Amma wannan magana ce ta jami'o'i 12 a ƙasar da ke da dubbai, kuma ribar tana can a saman tsani, inda mutane kaɗan ke isa. Ba ta zama hujjar cin bashi domin makaranta ta 50 ko ta 80 a jeri ba, wadda ta kwaikwayi kuɗin Harvard ba tare da ta mallaki aljihun Harvard ba.

Hujja ta biyu ta fi ban sha'awa, domin tana juya lissafin gaba ɗaya. Dale da Krueger sun sami togiya: 'ya'yan marasa galihu, da baƙaƙen fata, da waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba, su kam suna cin riba ta zahiri idan suka shiga babbar makaranta, domin tana ba su hanyoyi da sanayyar da ɗan attajiri ya gada a gida. Sannan ga irin waɗannan yara, makarantar da ta fi tsada a takarda takan zama mafi arha a aljihu. Harvard, wadda asusun gidauniyarta ya haura dala biliyan 50, ta sanar a 2025 cewa iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ba za su biya komai ba, har ɗaki da abinci. Duk da haka Caroline Hoxby da Christopher Avery sun nuna tun 2012 cewa mafi yawan haziƙan yaran talakawa ba sa ma nema, kuma kuɗin da aka rubuta a allo yana daga abin da ke firgita su. Wannan hujja ƙarfafa maganata ta yi. Ruɗin guda ne yake cutar da gida biyu: ɗan matsakaicin gida ya ci bashi domin suna, ɗan talaka ya gudu daga kyautar da aka ajiye masa, dukansu kuwa saboda sun kalli adadin da bai kamata su kalla ba.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san kuɗin da mai kaya ya fara faɗa daban, kuɗin sallama daban. Haka abin yake a nan. Jami'o'i masu zaman kansu a Amurka, a matsakaici, suna yafe wa sababbin ɗalibai fiye da rabin kuɗin da suka rubuta, da sunan tallafi. Suna ɗaga farashin ne domin tsada ta zama shaidar inganci, sannan su rage a asirce, uba ya koma gida yana murna an karrama ɗansa. Tun 2011 doka ta wajabta wa makarantun da ke cin gajiyar tallafin gwamnatin tarayya su sanya manhajar ƙiyasta ainihin abin da iyali za su biya a shafukansu, kuma a 2015 gwamnati ta buɗe shafin College Scorecard mai nuna yawan masu kammalawa, da bashin da suke fita da shi, da abin da suke samu daga baya. Bayanan suna nan a fili, kyauta. Abin da ya rage shi ne a daina jin kunyar yin ciniki a kan ilimi.

Kada a ɗauka ina cewa duk mai arha ko mai sauƙin shiga alheri ce. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kimanin ɗaya cikin uku na masu fara digirin shekara huɗu ba sa kammalawa a inda suka fara ko bayan shekara shida, kuma waɗanda suka fi kasa biyan bashi su ne waɗanda suka ci kaɗan amma suka fita ba takarda. Kamfanonin makarantu masu neman riba irin su Corinthian Colleges, wanda ya durƙushe a 2015, da ITT Tech da ya bi bayansa a 2016, kusan kowa suke ɗauka, amma sun bar dubban ɗalibai da bashi da takardun da ba su da daraja a kasuwar aiki. Saboda haka faɗin ƙofa ma ba shaida ba ne, kamar yadda ƙuncinta bai zama shaida ba. Amurkawa sama da miliyan 40 ne ke ɗauke da bashin karatu na gwamnatin tarayya, jimillarsa ta haura dala tiriliyan 1.6, kuma bashi ne da ko kotun karayar arziki da wuya take sauke wa mutum.

To, ina darajar take? Tana wurin makarantar da ta karɓi yaro a ƙasa ta kai shi sama ba tare da ta ɗaure masa dutse a ƙafa ba. A binciken Chetty na 2017, Jami'ar Jihar California da ke Los Angeles ce ta zo kan gaba wajen ɗaga 'ya'yan talakawa zuwa sahun masu wadata, kuma rassan jami'ar birnin New York da ake kira CUNY suna cikin na sahun farko. Kwalejin Berea da ke jihar Kentucky ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1892. Tana ɗaukar masu ƙaramin ƙarfi, kowane ɗalibi kuma yana yi wa makarantar aiki na aƙalla sa'o'i 10 a mako. Ba a cika jin sunayen nan a bakin masu alfahari ba, amma idan aikin makaranta shi ne sauya rayuwa, su ya kamata a fara ambata. Asibitin da yake karɓar masu lafiya kaɗai, ya sallame su da lafiya, bai isa ya yi wa wanda ke warkar da majinyata gori ba.

Wannan muhawara ta iso ƙofar gidajenmu. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗaliban Nijeriya kimanin 20,000 ne ke karatu a Amurka, fiye da na kowace ƙasa a Afirka. Ɗalibin waje ba shi da rabo a tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, kuma makarantu ƙalilan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, suke ɗaukar baƙo ba tare da duba aljihunsa ba sannan su cike masa abin da ya gaza. Iyalin da suka yi lissafinsu kafin Yunin 2023, lokacin da dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma, sun wayi gari a 2024 tana sama da naira 1,500. Gonar da aka sayar domin shekara huɗu sai ta ƙare a shekara ɗaya da 'yan watanni. Suna ba ya biyan kuɗin zangon karatu na gaba.

Tambayoyin da suka cancanci a yi kafin a sa hannu ba su da yawa. Nawa ne zai fita daga aljihunmu a dukan shekarun, bayan an cire tallafin da ba bashi ba? Cikin waɗanda suka shiga, nawa ne suke fita da digiri? Waɗanda suka karanci wannan fanni a wannan makaranta, me suke samu, kuma nawa ake bin su? Idan babbar jami'a ce ta amsa su da kyau, a tafi can da saurin gaske, musamman idan yaron ɗan talaka ne. Idan jami'ar jiha ce ta amsa, a tafi can ba tare da sunkuyar da kai ba. Tambayar da ba ta cancanci ko sisin kwabo ba ita ce yawan waɗanda aka kora a bakin ƙofa, domin yaran da aka kora ba su ne za su biya bashin wanda aka ɗauka ba.