Ƙuri'ar ɗan majalisa shaida ce, mu tambayi wakilanmu inda suka tsaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan sallar Juma'a wani ɗalibi ya tare ni a harabar masallaci a Birnin Kebbi, ya ce: "Malam, kullum kuna cewa mu zaɓi mai amana. To da wane ma'auni za mu gane amanar ɗan majalisa?" Na ce masa ma'aunin yana nan, mu ne muka daina amfani da shi. Ainihin aikin ɗan majalisa shi ne ya ce eh ko a'a a kan doka da sunan mutanen da suka tura shi. Wannan eh da a'ar su ne shaidarsa, su ne kuma ya kamata mu fara dubawa kafin buhun shinkafar azumi da rijiyar burtsatse.

Mu ɗauki misali da sanatocinmu biyu da kowa ya sani. Sanata Muhammad Adamu Aliero na Kebbi ta Tsakiya ya mulki jihar nan daga 1999 zuwa 2007, ya shiga Majalisar Dattawa a 2007, ya riƙe ministan Abuja daga 2008 zuwa 2010, sannan ya koma majalisar a 2015, aka sake zaɓensa a 2019 da 2023. Sanata Yahaya Abubakar Abdullahi na Kebbi ta Arewa, mazaɓar da ta haɗa da Argungu, tsohon babban sakatare ne a gwamnatin tarayya, ya shiga majalisar a 2015, ya zama shugaban masu rinjaye a 2019. Dukansu sun bar APC zuwa PDP a 2022, suka ci zaɓe a can, suka dawo APC a watan Mayun 2025. Duk wanda ka tambaya a majalisar hira zai zayyano maka wannan tarihi. Amma tambaye shi dokoki uku da ɗayansu ya goya wa baya ko ya ƙi, sai ka ji shiru.

Ga wata rana da aka ji matsayin kowa. Ranar 15 ga Yulin 2021 Majalisar Dattawa ta yi muhawara kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Sanata Enyinnaya Abaribe ya nemi a kira kowa da sunansa, aka kira. Sanatoci 52 suka zaɓi kada INEC ta yi hakan sai da tabbacin hukumar sadarwa ta NCC da amincewar majalisa, 28 suka zaɓi a bar wa INEC ikonta, 28 kuma ba su halarta ba. Sanatocin nan namu biyu suna cikin 52. Masu wannan ra'ayi sun kafa hujja da ƙarancin sabis a karkara, wasu kuma suka ce ɗaure hannun hukumar zaɓe ne. Ko wane ɓangare ka fi gamsuwa da shi, ka san inda wakilinka ya tsaya, kana da abin da za ka tambaye shi a kai. Bayan koke-koken jama'a, a watan Oktoban shekarar majalisar ta janye sharaɗin.

Sai ka kwatanta da ranar 20 ga Maris, 2025, da majalisun tarayya suka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas. Tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu bisa uku na dukan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 daga 109. Amma da ƙuri'ar murya aka yanke: waɗannan suka ɗaga murya, waɗancan suka ɗaga, aka buga guduma. Ba a ƙirga kowa ba, ba a rubuta zaɓin kowa ba.

Anan ne addininmu yake da magana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, ayar da ke bi mata kuma ta yi hani ga ɓoye shaida. Idan bashin mutum biyu ya cancanci rubutu, ina ga hukuncin da zai hau kan miliyoyin mutane? Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta haɗa mayar da amana ga masu ita da yin hukunci da adalci. Kujerar majalisa wakilci ce, a fiƙihu kuwa wanda ya wakilta yana da haƙƙin sanin abin da wakilinsa ya aikata da sunansa.

Mu malamai ma muna da namu laifin. Sau nawa ɗan siyasa ya rufa mana kwanon masallaci, muka yi masa addu'a a lasifika, ba mu tambaye shi ko doka ɗaya ba? Kyauta alheri ce, amma ba ta biyan bashin wakilci. Kuma a ƙasar da Malam Abdullahin Gwandu, mawallafin Liya'ul Hukkami, ya rayu yana tunatar da masu mulki haƙƙin talakawa, shirunmu abin kunya ne.

Saboda haka, ya ɗan'uwa manomin shinkafa a fadamar Argungu, da kai ɗalibi a Birnin Kebbi, idan wakilinku ya zo neman ƙuri'a, ku karɓe shi da mutunci, ba zagi ba ƙazafi, ku yi masa tambayoyi uku. Wane matsayi ka ɗauka kan dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025? Me ka faɗa a zauren majalisa kan farashin taki da shigo da shinkafar waje? Za ka tashi ka nemi a riƙa kiran suna a duk babbar doka? Wanda ya tsaya da gaskiya ba zai ji nauyin amsawa ba.

Ku kuma tuna, ƙuri'ar da za ku jefa ita ma shaida ce, kuma za a tambaye ku a kanta. Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, Ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.