Tagwayen da aka haifa a ɗaki, kowa da katinsa

A Jangeru da sauran ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, yawancin mata a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma. Rashin tsaro ya ƙara tsananta hakan, domin ba mai ɗaukar mai naƙuda ya hau hanya da dare.

Idan tagwaye aka samu, hatsarin ya ninka. Sukan zo ƙanana, wani lokaci bakwaini, kuma riga-kafin ciwon hanta ana son yin sa cikin awa 24 da haihuwa. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, ya ware wa tagwayen da aka haifa a wajen asibiti lambarsu, Z38.4. Amma lambar ba ta da amfani muddin ma'aikacin lafiya bai rubuta wanda ya fara fitowa, da lokacin, da nauyin kowanne ba. Hassan da Husaini mutum biyu ne. Katin riga-kafi ɗaya bai ishe su ba, kuma cikin sauƙi za a yi wa ɗaya allura sau biyu a tsallake ɗan'uwansa.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa su haɗa ungozomomi da ɗakunan shan magani mafi kusa, a yi wa kowane jariri rajista tun kafin ranar suna.