Wa Muka Gina wa Matakalar Majami'a?

Ban taɓa ganin majami'ar da ta kafa allo a ƙofarta tana cewa an hana gurgu shiga ba. Ba ta da buƙatar allo, domin magini ya riga ya rubuta mata sanarwar da bulo da siminti. Matakala biyar ko bakwai a bakin ƙofa, an lulluɓe su da tayil mai santsi, babu ko ƙarfen dafawa a gefe, ga kwata a buɗe tsakanin titi da haraba, an gitta mata katako ɗaya. Mai lafiyar ƙafa yakan tsallake duk wannan yana gaisawa da jama'a, bai ma lura ba. Wanda ke kan keken guragu kuwa, tun daga titi ya karanta saƙon, ya kuma gane shi sarai. Mu masu bi muka zaɓi wannan fasali, da kuɗin baikonmu muka biya shi, saboda haka mu ne da alhakinsa. Na san masallatai da ofisoshi da makarantu suna da irin wannan miki, amma kowa ƙofar gidansa yake sharewa.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu naƙasa. Dokar ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyinsu, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga ƙungiya, da naira dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya. Wani zai ce ai a Amurka ma dokarsu ta 1990 ta tsame wuraren ibada daga wannan tilas. Haka ne, kuma ba abin alfahari ba ne gare su. Ikilisiyar da sai ta nemi lauya ya samo mata kafar zillewa daga karɓar gurgu, ta riga ta faɗi shari'ar a wata kotun da ta fi wannan girma.

Amsar da aka fi ba mai tayar da wannan magana a taron dattawa ita ce, “Ai ba mu da irinsu a nan.” Wannan hujja kan maciji ce da ya haɗiye wutsiyarsa. An toshe hanya, ba su zo ba, sai rashin zuwan nasu ya zama dalilin barin hanyar a toshe. To ina suka shiga? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Arewacin Nijeriya kuwa shi ne mazaunin ƙarshe na cutar shan inna a Afirka. Sai a 2020 aka tabbatar an rabu da ita, kuma yaran da ta shanye wa ƙafa sa'o'ina ne a yau, wasu da digiri a hannu. A ƙara da waɗanda haɗarin acaɓa ya karya wa gadon baya, da waɗanda rikicin Borno da Filato da Kudancin Kaduna ya raba da ƙafa, da iyayenmu da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. A kasuwa muna ganinsu, a tasha muna ganinsu, a layin zaɓe ma muna ganinsu. Ranar Lahadi kaɗai suke ɓacewa, mu kuma ko a jikinmu.

Amsa ta biyu ta fi ta farko daɗin ji: “In ya zo, matasa za su ɗauke shi.” A garin da na yi hidimar ƙasa na ga yadda wannan ɗauka take. Wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, wanda rabin manyan majami'ar suka bi ta ajinsa. Bayan ciwo ya kwantar da shi, kowace Lahadi sai an tsaya an nemo samari huɗu, su ciccibe shi da kekensa, ana “riƙe nan, a'a ɗaga can,” jama'a sun yi cirko-cirko suna kallo, hularsa tana faɗuwa. Bai yi wata uku ba ya daina zuwa, aka ce wai Baba ya ja baya a bangaskiya. Ni dai abin da na gani shi ne mutum mai mutunci ya gaji da zama kaya. Ga kuma haɗari: ƙafar saurayi ɗaya ta zame a tayil ɗin nan da damina, an gama da ƙashin tsoho.

Masu wannan amsa sukan kafa hujja da labarin da ke Markus sura 2, na mutum huɗu da suka ɗauko shanyayye zuwa wurin Yesu a Kafarnahum. Ina roƙonsu su sake karanta shi a natse. Mutanen nan sun tarar da ƙofa a cunkushe, sai suka hau sama suka fasa rufin gidan. Gini suka ɓata domin mutum ya shiga, kuma ba a rubuta cewa an tsawata musu ba. Mu kuwa tsoronmu kada gangara ta ɓata kyan gaban majami'a a hoto.

Sai batun kuɗi, wanda shi kaɗai ya cancanci a zauna a yi lissafinsa. Gaskiya ne ana ɗaga tushen gini saboda ruwan damina, wannan ba laifi ba ne. Ƙa'idar da masu zanen gine-gine suka sani ita ce, duk tsayin santimita ɗaya yana buƙatar santimita goma sha biyu na gangara. Matakala biyar masu santimita 15 kowacce sun ba da santimita 75, wato gangara mai tsawon mita tara, wadda za a iya jingina ta da bangon gefe, a sa mata madafa, a bar bayanta da kaushi. Ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90. Aikin birkila ɗaya ne da lebura biyu na 'yan kwanaki. A kwatanta shi da abin da muke kashewa a kan amsa-kuwwa, da ankon zumuntar mata, da motar da ake saya wa fasto ranar sallama. Inda aka yi gangarar ma, sau da yawa ta fita kunya ce: a tsaye take kamar tsani, ko kuma ta ƙare a ƙofar baya kusa da janareto, an sa mata kwaɗo, mai mabuɗin ya tafi kasuwa. Da an tambayi mai keken tun farko da ba a yi asarar simintin ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shiga ɗakin ma somin-taɓi ne. Benci ya cika wuri, sai a ajiye mai keke can baya kusa da ƙofa, nesa da matarsa da 'ya'yansa. Lokacin baiko kowa ya tashi yana rawa zuwa gaba, shi sai dai ya miƙa wa yaro kuɗinsa. Sujada tana cin awa uku, banɗaki kuwa rami ne na tsugunno a bayan fili, ƙofarsa ko mai ƙiba sai ya karkata. Akwai waɗanda ke ƙin shan ruwa tun daren Asabar saboda wannan, kuma ba za su taɓa faɗa a taro ba. Tun bayan harin Madalla na Kirsimetin 2011 majami'u da yawa suka jera duro-duro na kankare, suka hana mota matsowa. Tsaro wajibi ne, ban musa ba. Amma wa ya tuna cewa mai sanda biyu yanzu zai ratsa tsakuwa mai nisa kafin ya kai ƙofa?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ranar da ake neman gurgu ido rufe, wato ranar taron warkarwa. A ranar za a samu masu ɗaukarsa har gaban bagade, a ɗaga kekensa sama domin kyamara. In bai miƙe ba, a ce bangaskiyarsa ce ta gaza, ko akwai wani zunubi a gidansu, alhali Yohanna sura 9 ta riga ta rushe wannan zato a kan mutumin da aka haifa makaho. Sarki Dawuda bai jira Mefiboshet ya warke ba kafin ya zaunar da shi a teburinsa. Mu kuwa mumbarinmu da dandalin mawaƙanmu duk a kan matakala suke, abin da ke nuna ba mu taɓa kawowa a rai cewa mai keke zai yi mana wa'azi, ko ya ja waƙa, ko ya riƙe ma'ajin ikilisiya ba.

Tarihinmu ma yana tuhumarmu. Ikilisiyoyin Arewa sun tsiro ne a gefen asibitocin kutare na Garkida da Yadakunya da Amanawa, da makarantar makafi ta Gindiri. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda shan inna ta kama tun yana yaro, ya shafe shekaru yana ƙera kekunan hannu yana rabawa ga Kirista da Musulmi, a cibiyar da ya raɗa wa sunan Kyakkyawar Ƙofar nan ta Ayyukan Manzanni sura 3, inda ake ajiye gurgu a waje yana bara. Kekunan sun kai mutane makaranta da kasuwa. Gindin matakalarmu ne suke cijewa.

Yanzu haka ana sake gina majami'un da aka ƙona a Borno da Adamawa, sababbi kuma suna tashi a kowace unguwa. Tun ran gini tun ran zane: gangarar da aka sa a takarda tun farko kusan kyauta ce, wadda za a fasa gini a yi daga baya ita ce mai tsada. Shugabannin ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, da bishop-bishop na Katolika da Angilika, su ne ake gayyata su keɓe sabon gini da addu'a, kuma babu kwamitin ginin da ke son a ɗage masa wannan rana. Ina kira gare su da su ƙi yanka ƙyallen buɗe kowace majami'a sai wani mai keken guragu daga unguwar ya shiga ta babbar ƙofa da kansa, ya kai gaban bagade, ya shiga banɗaki ya fito, ba tare da kowa ya taɓa kekensa ba.