Sharhi: Jikwoyi Da Darasin Zaman Cuɗanya Ga 'Yan Kasuwa

Idan dai ba a manta ba, a ranar 3 ga watan Fabrairu na shekarar 1976 ne gwamnatin marigayi Janar Murtala Muhammed ta kafa Doka mai lamba 6 wadda ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, bayan ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Babbar hujjar da aka kafa a lokacin ita ce a sami wani wuri a tsakiyar ƙasa wanda ba ya ƙarƙashin rinjayen ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilun Nijeriya, inda kowane ɗan ƙasa zai ji yana gida. Gwamnati ta tare a birnin ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Duk mai son ganin inda wannan buri ya kwana, sai ya bar Maitama da Asokoro, ya kama hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu zuwa Karshi, ya tsaya a Jikwoyi.

Asalin Jikwoyi ƙauye ne na manoma 'yan ƙabilar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. A yau kuwa ya zama gari mai unguwanni hawa-hawa a cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja da Kewaye, kuma da wuya a ambaci wata jiha a ƙasar nan da ba ta da 'ya'ya a cikinsa. Ƙidayar 1991 ta nuna mazauna Birnin Tarayya ba su kai dubu 400 ba, amma ta 2006 ta nuna sun haura miliyan 1.4. Babban tsarin birnin na 1979 ya tanadi ma'aikatu da manyan tituna, sai dai gidajen da aka gina a tsakiyar birni sun fi ƙarfin masinja da direba da birkila. Rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, da hana acaba shiga tsakiyar gari a 2006, sun ƙara tura talakawa bayan gari. Daga baya kuma rikicin Boko Haram da ta'asar 'yan bindiga suka kwararo da wasu dubbai.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne yadda sana'o'i suka rarrabu a garin. Galibin shagunan kayan gini da kayan gyaran mota da kantunan magani suna hannun Ibo. Hatsi da tumatir da albasa da fawa da tsire da shayi da ga-ruwa da jari-bola, akasarinsu na Hausawa ne. Yarbawa sun yi fice a ɗinki da kanikanci, yayin da Tibi da Idoma da Igala da mutanen Filato da Kudancin Kaduna suka yawaita a ƙananan muƙaman gwamnati da koyarwa a makarantun kuɗi da sayar da abinci. Har ma akwai magina daga Togo da Benin da ake nema domin shimfiɗa tayil da aikin silin.

Wannan rarrabuwa ta samo asali ne daga amana da bashi. Baƙon da ya sauka a tashar Nyanya ba shi da takardar da banki zai karɓa, don haka wurin ɗan garinsu yake nufa, shi zai ba shi masauki, ya koya masa sana'ar da yake yi, ya ba shi kaya bashi ya je ya sayar. Haka fataken Hausawa suka kafu a Sabo ta Ibadan da cinikin goro da shanu, haka kuma Ibo suka kafu a Sabon Garin Kano. Ko shakka babu, tsarin ya samar wa dubban matasa abin yi ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba.

To amma tsarin yana da iyaka, kuma iyakar ta fi shafar Hausawa. Yaron shagon Ibo yakan shafe shekaru yana yi wa maigidansa hidima, daga ƙarshe a sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon. Matashin da ya zo daga Katsina ko Zamfara kuwa, sau da yawa da niyyar ci-rani yake zuwa. Yana tura baro, yana kwana a rumfa, yana aika abin da ya samu gida, da damina ta faɗi sai ya koma gona. Bayan shekara goma, na farko ya mallaki shago da yara biyu a ƙarƙashinsa, na biyun yana nan da baronsa. Bugu da ƙari, idan sana'a ta zama ta ƙabila guda, to saɓani kan farashi ko kuɗin rumfa yakan rikiɗe cikin sauƙi ya koma rigimar ƙabilanci. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matsala ta biyu ita ce Jikwoyi ya zama makwanci kawai. Tun da asuba jama'a ke tururuwa zuwa cikin birni ta hanyar Nyanya da Kugbo, inda cunkoson motoci ke cinye sa'o'in aiki. Harin bam na ranar 14 ga Afrilu, 2014 a tashar motar Nyanya, wanda ya halaka mutum fiye da 70, ya rutsa ne da irin waɗannan masu sammakon neman abinci, bai kuwa tambayi ƙabila ko addinin kowa ba. Titin Apo zuwa Karshi da aka ba da kwangilarsa a 2011 domin rage cunkoson ya shafe sama da shekara goma ba a kammala ba, kuma jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018 bai biyo ta wannan shiyya ba. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya riƙa lashe kaso mai tsoka na albashi, abin da ya rage kuɗin da ke shiga aljihun mai shago a Jikwoyi.

Ta uku ita ce maganar ƙasa. Bisa doka, duk filayen Birnin Tarayya mallakar Gwamnatin Tarayya ne, kuma minista ne ke da ikon ba da takardar mallaka. Amma gidaje da shaguna masu yawa a irin waɗannan garuruwa an gina su ne a kan filayen da aka saya daga hannun masu unguwanni da iyalan Gbagyi. Mai irin wannan gida ba zai iya jinginar da shi ya karɓi rance ba, kuma kullum yana cikin fargabar zuwan katafila. Su kansu Gbagyi, gonakinsu sun ƙare, kuɗin filin ya tafi, ga 'ya'yansu suna neman aiki kafaɗa da kafaɗa da baƙi.

Akwai masu ganin cewa gyara takardun waɗannan gine-gine tamkar saka wa masu karya doka ne da alheri, kuma zai gurɓata tsarin birni. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin ba za a amince da gini a kan magudanar ruwa ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ba. Sai dai rusau ɗin baya bai rage yawan jama'a ba, illa dai ya matsar da su zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ya kuma salwantar da jarin da suka tara.

Saboda haka, wajibi ne Hukumar Birnin Tarayya ta tantance gine-ginen da ba su tare hanya ba ta ba su takardu a kan farashi mai sauƙi, ta kuma keɓe wuraren ƙananan masana'antu domin ayyukan yi su kusanci jama'a. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Orozo tana kusa, ana iya amfani da ita wajen horar da matasan yankin, musamman 'ya'yan Gbagyi.

Su kuma attajiran Arewa da shugabannin Hausawan yankin, nauyin da ke kansu a fili yake. Lokaci ya yi da za su mai da adashi ya zama ƙungiyar gama-kai mai rajista, su fito da tsarin sallamar yaran shago da jari, su kuma tura matasa koyon walda da aikin famfo da wayarin, ko da kuwa a hannun wata ƙabila ce. Ya dace kuma ƙungiyoyin kasuwa na kowane ɓangare su kafa zauren sasanci guda, domin a kashe wuta tun tana ƙarama. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka, kuma kasuwar da ta tara Nijeriya baki ɗaya ta fi ƙarfin a bar ta ga 'yan ci-rani.