Ƙawancen Masu Sharhi da Jinin Manoman Ƙanƙara

Masu sharhin siyasa da ke kiran kansu 'yan ba-ruwanmu sun yawaita a Katsina, kuma babu abin da ke ciyar da alƙalumansu kamar rashin tsaron Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Sun rabu gida biyu: masu cewa a yi sulhu da 'yan bindiga, da masu cewa sai dai wuta. Saɓani a kan wannan ba aibu ba ne, domin tambaya ce mai nauyi. Aibun shi ne, da yawansu ba hujja ke zaɓa musu gida ba, fuskar wanda ke kan mulki ce.

Tarihin yankin ya isa shaida. A Janairun 2017, a garin Ƙanƙara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta karɓi makamai daga waɗanda aka ce sun tuba. A Satumbar 2019 gwamnan ya koma teburin sulhu, ya je har Dankolo a ƙaramar hukumar Sabuwa. A Yunin 2020 aka kashe gomman mutane a Kadisau ta Faskari, shi kuwa ya fito ya ce an ci amanarsa. Ranar 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci satar, ya ajiye makami a Zamfara a Fabrairun 2021, ya koma daji, aka kashe shi kafin watanni uku su cika.

Waɗannan abubuwa sun isa su zama ma'aunin da kowa zai auna ra'ayinsa da shi. Sai suka zama makaman jifan juna. Lokacin satar ɗaliban, Masari yana APC, Bello Matawalle na Zamfara yana PDP, aka ɓata ƙarfi wajen musun wane gwamna ya ceto yaran. Da Matawalle ya koma APC a Yunin 2021, musun ya mutu ba tare da an warware shi ba. Dikko Umar Raɗɗa ya hau mulki a 2023 yana cewa ba zai nemi sulhu ba, ya kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-kai. A 2025 kuma al'ummomi da dama, har da na Faskari, suka zauna da 'yan bindiga. A kowace kwana akan ga wanda ya zagi sulhu jiya yana yabonsa yau, abokan gaba sun zama aminai, ba wanda ya tsaya ya faɗi dalilin sauyawarsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Za a ce rarrabuwar masu neman sauyi tsohon abu ne a Arewa. Gaskiya ne. A 1980 PRP ta dare gida biyu, Taɓo na Malam Aminu Kano da Santsi na gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa, lokacin da wannan yanki yake cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Amma rigimarsu tana da jigo, wato da wa ya dace a haɗa kai a zamanin mulkin NPN. Duk da haka an biya ta da tsada: majalisar da NPN ta mamaye ta tsige Balarabe a Yunin 1981, a 1983 kuma Lawal Kaita na NPN ya lashe kujerar gwamna. Idan rabuwa a kan aƙida ta yi wannan ɓarna, ina ga rabuwa a kan ubangida?

Wanda ke biyan kuɗin wannan wasa ba ya cikin masu musun. Manomi ne da ke ba da haraji kafin ya shiga gonarsa, da uwar da ta sayar da hatsin shekara ta fanshi ɗanta. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, mutanen da ake magana a kansu suka rasa hanyar faɗin nasu, masu sharhi a Katsina da Kaduna da Abuja kuwa suka ci gaba da magana da yawunsu.

Akwai ƙawancen da ya cancanci sunan. Mai son sulhu da mai ƙinsa za su iya haɗuwa a kan lissafi ɗaya: ƙauyuka nawa aka tasa, makarantu nawa ke rufe, bindigogi nawa aka miƙa, me aka yi alkawari, wa ya sa hannu, wa zai hukunta wanda ya saɓa. Bayan an tsayar da wannan, sai kowa ya kare fahimtarsa da iyakar ƙarfinsa. Gwamnati ba ta damuwa da masu sharhin da ke cizon juna. Wanda ke hana ta barci shi ne mai riƙe da alkawarin da ta yi a Dankolo, yana tambayarta a yau ina aka kwana.